Masu ƙuli-ƙuli sun san lissafinsu, bashin ne bai dace da su ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙuwar shirinku na rediyo na ranar Talata ta ce rashin iya lissafi ne ke cinye jarin mata masu ƙuli-ƙuli. Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da mai gabatarwa ya bar maganar ta wuce, ya koma labarin dalar gyaɗar Kano.

Matar da ke matsar mai a ka take riƙe da kuɗin gyaɗa, itacen suya, ladan mai inji da kason dillaliya. Ta san man uwar kuɗi yake mayar mata, ribar tana cikin tunkuza. Lokacin saye ne ke karya ta. Gyaɗa tana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. A lokacin ne mai hali ke shiga kasuwar Dawanau ya kwashi buhuna ya kulle a sito. Ita kuwa tiya biyar-biyar take aunowa, har farkon damina da manoma ke neman iri, farashi ya haura, alhali mai sayen ƙuli na naira hamsin ba zai ƙara mata ko sisi ba.

To wane bashi ake ba ta? TraderMoni, rancen da gwamnatin tarayya ta ba ƙananan 'yan kasuwa a 2018, naira 10,000 ne, a biya cikin wata shida. Masu ba da ƙananan rance kuma da yawansu biyan mako-mako suke so. Gyaɗar da ke jingine a ɗaki ba ta kawo kuɗin mako, dole matar ta karyar da mai kafin ya yi daraja. A ba ta bashin da kaka, a ɗaga mata wata uku ko huɗu, 'yan adashinta su tsaya mata.

Idan horo ake son yi, a yi shi kan ajiya. Busasshiyar gyaɗa tana ƙaras a haƙori, jan bawonta na sulluɓewa in an murza. Wadda ba ta bushe ba fumfuna take yi a buhu, ta yi ɗaci, kuma gubarta na illa ga hanta. Buhu a kan katako ake ɗora shi, nesa da bango. Wajen matsa, ruwan zafi kaɗan-kaɗan ake yayyafawa ana juyawa, in ya yi yawa man ya ƙi rabuwa. Man da aka tace sai ya hau wuta har kumfa ta kwanta, in ba haka ba ragowar ruwa zai sa ya yi wari a jarka.

Sai kuma tallan maganin basir da kuke sakawa sau uku a tsakiyar shirin, har aka katse mai kira daga Gezawa tana cikin magana. Don Allah ku mayar da shi ƙarshe.

Mai sauraronku,
daga Dawakin Tofa, Jihar Kano