Wasiƙa zuwa ga ɗana a Nagoya, kan kayan samurai

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya sanyi? Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mahaifiyarka ta tsegunta mini cewa hutun nan kana shirin hawa jirgin ƙasa zuwa Tokyo don kallon kayan samurai, wato mayaƙan Japan na da, har ma kana taya takobi a intanet. Ita hankalinta bai kwanta ba, tana cewa an tura ka karatun injiniya ka ɓuge da bin wuƙaƙe. Ni ban ga aibun tafiyar ba. Tun kana firamare kake fere kara kana cewa katana ce, takobin samurai. Ka je, amma ka kalli kayan da hankalinka, domin samurai ɗin da ke cikin fim daban, wanda ya sa waɗannan kaya daban.

Ka fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke lambun Ueno. An kafa shi a 1872, shi ne mafi tsufa a ƙasar. Na shiga lokacin da aka tura mu kwas, kana goye a lokacin. Ɗakin takubban ne ya tsaya mini a rai. Ba ƙota, ba kube, ruwan takobin kaɗai aka kwantar a kan farin ƙyalle a bayan gilashi, fitila na haska shi. Da farko ban ga komai ba sai ƙarfe. Wani dattijo kusa da ni ya riƙa rage tsawo yana ɗagowa a hankali, sai na kwaikwaye shi. Da idona ya zo daidai da hasken, sai ga wani farin layi ya fito a bakin kaifin, yana lanƙwasa yana miƙewa tun daga gindi har tsini. Hamon suke kiransa. Maƙerin ne yake shafe ƙarfen da yumɓu, da kauri a gadon baya, shafal-shafal a bakin kaifi, ya gasa ya tsoma a ruwa. Kaifin ya yi saurin hucewa ya yi tauri, bayan kuma ya rage da ɗan taushi don kada takobin ya karye. Wannan ai karatunka ne, kai za ka fi ni ganewa. Ka duba kuma gindin da ke shiga cikin ƙota. A nan maƙeri yake sa sunansa, kuma ba a goge tsatsar wurin, don da ita masana suke kimanta shekarun takobi. A gidan ne ake ajiye wasu shahararrun takubba biyu, Dojigiri na maƙeri Yasutsuna da Mikazuki na Munechika, kowanne ya doshi shekara dubu. Ba kullum ake fito da su ba, juya kayan ake yi, sai ka bincika kafin ka yanki tikiti.

Abin da nake so ka saba da shi shi ne karanta shekarar da aka rubuta a ƙarƙashin kaya kafin kyansa ya ɗauke ka. Za ka ga sulke na ƙananan faranti da aka ɗaure da zaren alharini ja da shuɗi, da kwalkwali mai ƙaho, da abin rufe fuska har da gashin baki na jabu. Da yawa daga cikin mafiya kyau an yi su ne a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, kuma bayan Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa, ya ci yaƙin Sekigahara a 1600 ya gama da ragowar abokan gaba a Osaka a 1615, ƙasar ta shafe sama da shekara ɗari biyu ba wani babban yaƙi. Daga 1635 aka wajabta wa manyan hakimai, wato daimyo, su riƙa zaman shekara guda a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, shekara guda a ƙasarsu, iyalinsu kuma su zauna a Edo a matsayin jingina. Zuwa da komowa duk da jerin gwano ake yi, kowa yana nuna isa. Irin wannan sulken matsayinsa ɗaya da lifidin da kake gani a hawan Daushe: asalinsa na yaƙi ne, amma wanda ke jikin dokin yau bai taɓa jin kibiya ba.

To, me samurai yake yi a duk waɗannan shekaru? Aikin ofis, galibi. Rubuta haraji, gadin ƙofa, shari'a, koyarwa. Albashinsa da shinkafa ake ƙiyasta shi, da ma'aunin koku, kimanin lita 180, abin da ake ganin zai ciyar da mutum ɗaya shekara. Ƙananansu da yawa bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu, wasu har laima suke haɗawa a gida su sayar. Takubba biyu a ɗamara, tukunya ba cefane.

Ko a zamanin da ake yaƙin gaske, ba takobi ne gaba ba. Samurai na farko maharbi ne a kan doki, baka da kibiya ne sana'arsa. Daga baya mashi ya karɓi fili. Turawan Fotugal suka kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, maƙeran Japan suka kwaikwaya, kafin a ce me ta bazu. A Nagashino, a 1575, jagoran yaƙi Oda Nobunaga da Ieyasu suka jera 'yan bindiga a bayan shinge suka ragargaza rundunar gidan Takeda. Idan ka ga bindigogin a wani lungu, ka tsaya a kansu. Mutane wucewa suke yi, alhali bindigogin sun fi takobin yanke hukunci a fagen fama.

Akwai kuma waɗanda ba za ka gani a bayan gilashi ba. A 1588 Toyotomi Hideyoshi, mai riƙe da mulkin ƙasar a lokacin, ya ba da umarni a ƙwace makamai daga hannun manoma, ya ce za a narka su a yi ƙusoshin babban gunkin Buddha. Shi kansa ɗan talakawa ne da ya hau sama ta hanyar yaƙi, ya juyo ya toshe hanyar. Samurai ba su kai kashi goma cikin ɗari na jama'a ba, mafi yawan sauran su ne suke noma shinkafar da ake biyansu. Har doka ta ba samurai damar sare talakan da ya yi masa rashin kunya, ko da yake ana bincike bayan haka, kuma ba abu ne da ake yi kullum ba. Kayan manomi ba alharini, ba zinari, ba wanda ya adana shi a sito shekara ɗari uku. Gidan tarihi abin da masu mulki suka ajiye yake nuna maka.

Rubutun da ke ƙarƙashin kayan ma ɗan Adam ne ya yi shi. A Hasumiyar Landan na ga sulke ɗaya daga cikin biyun da shogun, wato shugaban mulkin soja, Tokugawa Hidetada ya aika wa Sarki James na Ɗaya na Ingila a 1613. An daɗe ana nuna shi ana cewa kyautar Sarkin Mugal na Indiya ce, jama'a na kallo suna gyaɗa kai. Haka maganar bushido, wato aƙidar amana da mutunci ta samurai, da kake yawan kawo mana a waya. Littafin da ya yaɗa ta a duniya Nitobe Inazo ne ya rubuta shi, da Turanci, don Turawa, wajen 1900, bayan samurai sun riga sun kau. Mayaƙan zamanin Nobunaga kuwa sun san cin amana sarai. A Sekigahara ma, sauya sheƙar Kobayakawa Hideaki ana tsakiyar fama ce ta karkatar da yaƙin.

Zancen farke ciki da suke yi don kare mutunci, ka karanta ka fahimci dalilinsu, amma kada ya burge ka. Kai Musulmi ne, ka san hukuncin wanda ya kashe kansa.

In ka fito, ka gangara kudancin lambun Ueno, akwai mutum-mutumin Saigo Takamori riƙe da igiyar karensa, cikin kayan zaman gida. Yana cikin waɗanda suka kifar da mulkin Tokugawa a 1868. Gwamnatin da ya taimaka aka kafa ita ce ta hana yawo da takobi a 1876, ta kuma mayar da albashin samurai takardun lamuni. A 1877 ya jagoranci tawayen Satsuma, sojojin da aka ɗebo daga 'ya'yan manoma suka murƙushe shi. Samurai ne suka rushe tsarin samurai da hannunsu, kuma wannan ya fi duk wani fim ban mamaki a wurina.

Batun sayen takobi kuwa, ban yarda ba. Na gaske yana da takardar rajista, fita da shi daga ƙasar sai da izini, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin ɗalibi. Na arha kayan ado ne. Ka kuma yi tunanin bayanin da za ka yi wa jami'an kwastan a filin jirgi. Kuɗin ka sa a tikiti da littafin bayanin kayan gidan tarihin. Tun kafin tafiyar ma, ga Gidan Kayan Tokugawa nan a Nagoya kusa da kai, wanda aka buɗe a 1935 da kayan gadon reshen Owari na gidan Tokugawa. Ka je ranar da ba darasi, da littafi da fensir, don wasu ɗakunan ba a barin ɗaukar hoto.

Ka duba lokutan salla da inda za ka sami abincin halal kafin ka tashi. Ƙanwarka ta fara jarrabawa ranar Litinin, ka kira ta. Kakarka tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga shayin da ka yi mata alkawari ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka.