Amsa ga ƙanena mai tambayar me ya hana yunwa farkar da talaka

Assalamu alaikum ƙanena.

Na ga tambayar da ka jefo min a gaban jama'a, wai tunda mu masu ra'ayin gurguzu muna cewa wahala ce ke farkar da mutane, to ga wahalar nan ta kai intaha, me ya sa talaka yake karɓar taliya da 'yar dubu biyu ranar zaɓe ya dangwala wa mai danne shi?

To ai ba haka aka ce ba. Karl Marx kansa ya yi wannan takaicin a 1852 da yake rubutu kan ƙananan manoman Faransa da suka zuba wa Louis Bonaparte ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na 1848. Cewa ya yi suna nan kamar dankali a buhu, wahalarsu iri ɗaya amma kowa na gonarsa, babu abin da ya ɗaure su wuri guda balle su yi magana da baki ɗaya. Mutum ya san yana shan wuya daban, ya gane cewa wuyarsa da ta leburan Sabon Gari da ta mai turin baro tushensu ɗaya kuma daban. Lenin na Rasha ma a 1902 cewa ya yi in aka bar ma'aikata haka nan, iyakarsu neman ƙarin albashi, sai an samu jam'iyyar da za ta yi aikin wayar da kai. Ni ban cika yarda da shi a nan ba, akwai ɗan raini a ciki, amma batun tsari ya yi gaskiya.

Kuma ba sai mun je Rasha ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta fito ƙarara ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, da talakawa. Kana zaton talakan lokacin ya fi na yau shan wuya ne shi ya sa ya gane? Ina! Mutane ne suka zauna da shi, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, suna bin ƙauye ƙauye da waƙa, suna ɗauko abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, haraji da jangali da aikin tilas da bulalar ɗan doka, suna nuna masa duk daga kujera ɗaya suke fitowa. Jagoransu Malam Aminu Kano kuma da aya da hadisi yake zuwa musu. An ɗaure 'yan NEPU, an lakaɗa musu duka, Hajiya Gambo Sawaba ta sha gidan yari ba sau ɗaya ba.

Sai da aka yi kusan shekara 30 ana wannan kafin gwamnonin PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU, wato Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, su soke haraji da jangali a 1979. Bayan nan PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka tsige Balarabe a 1981, Malam ya rasu a 1983, aikin zauren nan ya yi ta ja baya.

Yanzu kuwa fushi akwai shi, mun gani a zanga-zangar Janairun 2012 kan tallafin mai, mun gani a ta Agustan 2024 kan tsadar rayuwa. Amma da aka watse ina ofishin da mai shayi zai je washegari? Wa ke da sunansa a littafi, wa zai tsaya masa beli? Ɗan siyasa shi yana da wakili a kowace akwati, in matarka ta haihu ma shi zai aiko da ragon suna.

Ka duba min unguwarku, ƙungiyar 'yan adaidaita ko ta 'yan kasuwa, wa ya saya musu kujerun taro kuma wa yake zaɓar musu ciyaman? Ina jiran amsarka.

Naka, yayanka.