A Kula da Abin da Ake Kewaye Takin Gida da Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu lambun bayan gida, waɗanda tsadar takin zamani ta sa suka koma haɗa na gargajiya da ɓawon kayan miya, toka, busasshen ganye da kashin awaki. Dabara ce mai kyau, sai dai na lura hankalin jama'a yana kan abin da ake zubawa ciki, ba a damu da abin da aka kewaye takin da shi ba, alhali kuwa taki yakan shafe watanni yana jiƙe yana ɗaukar zafi a jikin wannan abin.

Kwanakin baya na shiga gidan wani maƙwabcina na tarar ya haɗa akwatin taki na katako, ya shafe shi da baƙin mai saboda gara, har man ya yi naso a ƙasa, ga kuma alayyafo da yakuwa nan gefe suna jiran takin. Baƙin man mota yana ɗauke da ƙarafa masu guba, kuma ba sa ruɓewa kamar ganye. Haka katakon nan mai launin kore-kore da aka jiƙa da maganin da ke ɗauke da gubar asenik, wanda a Amurka aka daina amfani da shi a yawancin ayyukan gida tun ƙarshen 2003. Tsofaffin ƙofofi da tagogi masu fenti su ma abin gudu ne, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400; ta hanyar haƙar zinariya ta zo, amma ta nuna mana yadda dalma ke zama cikin ƙasa idan ta shiga.

Wanda zai sayi katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena, ya duba hatimin da ke jikinsa. Idan ya ga HT, da zafi kawai aka gasa shi, babu laifi. Idan ya ga MB, an yi masa hayaƙin magani mai guba, ya bar wa mai shi. Ganga kuwa, ta roba ko ta ƙarfe, a tambayi abin da ta taɓa ɗauka, domin wadda aka zuba maganin feshi a cikinta, wanki da omo ba ya raba ta da shi. Fasasshen rufin asbestos ma kada a yanka shi, saboda ƙurarsa tana lalata huhu.

A ganina, kayanmu na gida sun wadatar. Bulo ko tubali da aka jera aka bar 'yan kafofi iska na shiga ya fi komai ƙarko, kuma a iya ƙara ragar waya saboda kaji da ɓeraye. Nawa dai zana ce na ɗaure a jikin azara huɗu. Gara takan ci ta duk shekara, ni kuma sai in kakkarya ragowar in tura cikin takin, in ɗaura sabuwa bayan kaka.

Na gode.

Wani mai lambu,
daga Zariya.