A Saurari Ciwon da Awo Ba Ya Nunawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in faɗi abin da na daɗe ina gani a shekarun da na yi ina aikin jinya a Gombe. Sau da yawa mace takan zo da ciwon ƙirji ko ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a auna jini, a ɗauki hoto, ba a ga komai ba, sai an zauna da ita tukuna a ji cewa da gudu ta baro gidanta a Borno, ko kuwa ta rasa ɗa ba ta sami wanda za ta yi wa kuka ba.

Harshenmu kansa shaida ne cewa damuwar rai takan bayyana a jiki, domin mukan ce gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa, jikina ya yi sanyi. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan yadda lafiyar jiki da ta rai suke ɗaure da juna. Carl Jung kuwa, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan da ya mutu a 1961, yakan sa marasa lafiyarsa su zana abin da suka gani a mafarki, saboda abin da baki ya kasa furtawa hannu yakan fitar da shi.

Kakanninmu mata sun riga mu sanin haka. A bakin dutsen niƙa suke rera kewar gida, su yi wa kishiya habaici, su ambaci mamacinsu, gumi na zuba, ƙunci na raguwa. Injin niƙa ya hutar da bayansu, mun gode Allah, amma ya tafi da waƙar, kuma har yau ban ga abin da muka maye gurbinta da shi ba.

Tun da an sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ina roƙon asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi su ware ɗaki guda inda masu fama da damuwa za su zauna su yi ɗinkin hula, saƙar faifai ko tsara waƙa, tare da ma'aikacin da ya iya saurare. Ba na nufin a bar magani ko addu'a. Zare da allura da tabarma ba za su fi ƙarfin aljihun asibiti ba, kuma in an buɗe ɗakin, ni a shirye nake in zo kyauta ranar Laraba.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Gombe