Barka da Sallah daga Cape Town, da amsar tambayar Auta kan farin kifin shak

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layya, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Ina gaishe ku da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Yaya da maigidanta da yara, da Kawu, da maƙwabta baki ɗaya. Mu nan Sallah ta same mu cikin sanyin hunturu, ga ruwan sama ga iskar teku. Musulman garin nan Labarang suke ce wa Sallah, kuma su ma suna yanka, suna zaga dangi. Na san yanzu tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙin suya. Inna, a taimaka a ajiye mini rabona.

Auta, ga goron Sallarka. Sau uku kana tambayata yadda mutumin Kano zai ga farin kifin shak da idonsa, kuma na ji Kawu ya ce ka sauka Legas kawai, ai teku teku ce. Kawu ya yi mini haƙuri, amma ko shekara za ka yi a bakin ruwan Legas da wuya ka gan shi. Wannan kifi ruwa mai sanyi-sanyi yake bi, tsakanin digiri 12 zuwa 24, na Legas kuwa ya fi haka ɗumi kusan duk shekara. Sannan manyansu abinci mai kitse suke nema, musamman wata dabba da ake kira sil, mai kama da karen ruwa amma ta fi shi girma nesa ba kusa ba, ita kuma a tsibiran duwatsu na ruwan sanyi take taruwa.

Kada kuma ka sa rai da gidajen da ake nuna kifaye cikin gilashi. An gwada an gaji. Farin shak sai yana tafiya ruwa ke ratsa tsagu biyar ɗin nan na gefen wuyansa ya samu numfashi, ya kuma saba da doguwar tafiya, don haka a tanki sai ya riƙa goga hancinsa a bango yana ƙin cin abinci. Wanda ya fi daɗewa wata ƙaramar mace ce a Monterey ta Amurka, kwana 198 tsakanin 2004 da 2005, ita ma sakinta aka yi bayan ta kashe wasu shak biyu da ke tankin. A Okinawa ta Japan, a 2016, wani mai mita uku da rabi kwana uku kacal ya yi ya mutu. Masu haƙora a waje da ake gani a gidan kifi na Two Oceans a nan garin wani jinsi ne dabam, ban tsoro kawai gare su.

Saura hanya ɗaya ke nan, mutum ya je inda yake. Mafi kusa da mu ita ce Afirka ta Kudu, ƙasar da ta fara haramta kama shi tun 1991. Sai ka tanadi fasfo, biza, da katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa. Daga Legas zuwa Johannesburg kamar awa shida ne a jirgi, daga can zuwa Cape Town awa biyu, sannan awa biyu da ɗoriya a mota zuwa Gansbaai. A can akwai wani siririn mashigin ruwa tsakanin tsibirin Dyer da dutsen Geyser, inda sil kusan 60,000 ke zaune, shi ne ya yi wa garin suna.

To amma a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu, saboda suna tafiya da tsohon labari. A 2017 gawarwakin farin shak biyar suka fito gaɓar Gansbaai, yawancinsu an farka su an zare hanta. Masu aikin wasu dabbobin teku ne biyu da ake kira oka, baƙaƙe masu farin ciki, waɗanda aka laƙaba wa suna Port da Starboard, wato hagu da dama a bakin masu jirgin ruwa, saboda fiffiken bayan ɗaya ya lanƙwashe hagu, na ɗayan dama. Hantar shak cike take da mai, takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ita suke ci su bar saura, tamkar mahaucin da ya zaɓe tsoka. Tun daga nan sai ga gaba da gabanta. Da okan sun bayyana, shak sukan watse su yi makonni ko watanni ba a gan su ba. A False Bay, nan kusa da Cape Town, inda a da ake zuwa kallon shak yana tsalle daga ruwa da sil a bakinsa, ko guda masu sa ido ba su gani ba a 2019. An fi samun labarinsu ta gabas, wajen Mossel Bay da Plettenberg Bay da Algoa Bay, kodayake a 2022 an ɗauki hoton oka daga sama suna kashe farin shak a Mossel Bay ɗin ma. Masana ba su haɗu a kan cewa oka ne kaɗai sanadi ba, wasu na ɗora laifin a kan kamun kifi da ragar da ake shimfiɗawa don kare masu wanka.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, tambayi masu jirgin ruwan da ke kai mutane kallon shak daga cikin keji abu uku. Wace rana suka ga farin shak na ƙarshe? Sau nawa suka gan shi a watan da ya wuce? In ba a gani ba, kuɗi suke mayarwa ko takardar sake dawowa? Yawanci takardar suke bayarwa, wadda ba ta da amfani ga wanda gidansa ke Kano. Ka nace a kan kalmar "fari", domin yanzu abin da ya fi zuwa kejin Gansbaai wani shak ne mai launin tagulla. Ga yadda za ka bambance su. Na tagulla siriri ne, bai cika wuce mita uku ba, sukan zo da yawa, kuma reshen wutsiyarsa na sama ya fi na ƙasa tsawo sosai. Farin kuwa jibgege ne, bayansa toka-toka, cikinsa fari fat, tsakaninsu kamar an ja layi da alli, wutsiyarsa kamar jinjirin wata. Matan sun fi mazan girma, sukan kai mita huɗu da rabi zuwa biyar, ƙalilan har shida.

Lokaci mafi kyau shi ne hunturun nan, daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya fi garau kuma shak ke kewaye tsibiran sil. Amma shi ne kuma lokacin guguwa, ana soke fita da sassafe ba tare da wani dogon bayani ba. Ka ware kwana uku ko huɗu, ka sa fitar a ranar farko.

Ita kanta fitar awa uku zuwa huɗu ce. Jirgi yakan yi kamar minti ashirin ya jefa anga. Sai a dama markaɗaɗɗen kifi da mansa da ruwan teku a riƙa zubawa, igiyar ruwa ta kai warin nesa. A ɗaura kan kifi a igiya, a jefa wani allo mai siffar sil. Doka ta hana ciyar da shak, don haka da ya kawo baki sai a fizge. Kejin ƙarfe ne, ɗaure a jikin jirgi, samansa a waje da ruwa, yana ɗaukar mutum biyar zuwa takwas. Ba a bukatar iya iyo ko tulun iska. Za a ba ka rigar roba mai kauri, da gilashin ido, da ɗamarar darma don kada ka riƙa tasowa. Da mai igiya ya yi ihu, ka ja numfashi ka nutse, ka kalli inda ya nuna. Daƙiƙa biyar ne ko goma ya wuce, wanda ya tsaya gyara gilashi ya rasa. Ka riƙe sandar ciki, kada yatsa ko ƙafa su leƙa waje.

Inna, ki kwantar da hankalinki, abin da ke kayar da mutane a can ba haƙori ba ne, jiri ne da amai. Jirgin da ke tsaye ya fi mai tafiya jijjiga, ga ƙarnin kifi, ga warin kashin sil. Maganinsa a sha ƙwayar hana jiri tun da dare da kuma kamar awa ɗaya kafin tashi, don in amai ya fara ta makara. A karya da abu mara maiƙo, a tauna citta, a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a bar duba waya. Sai sanyi. Ruwan yakan sauka digiri 13 ko 14, ruwan randa a tsakiyar hunturu wasa ne a kansa, minti ashirin ya ishi mutum ya fito haƙoransa na kaɗawa. A zo da busassun kaya da hula. Sirri guda kuma: daga saman jirgi an fi ganin kifin gaba ɗayansa, domin wani lokaci a cikin ruwa ko mita biyu ido ba ya kaiwa.

In Afirka ta Kudu ta ƙi, akwai tsibiran Neptune kusa da Port Lincoln a Ostireliya, sai dai nisa da tsada. Tsibirin Guadalupe na Meziko, wanda yawancin hotuna masu ruwa shuɗi garau daga can suke, an rufe shi ga masu keji tun farkon 2023, duk wanda ya tallata maka shi damfara ce.

Kafin Allah ya hore kuɗin jirgi, sauke manhajar OCEARCH a wayar Yaya. Tana nuna a taswira inda shak da aka maƙala wa na'ura suka ɓullo, kuma alamar ba ta fitowa sai fiffiken bayansa ya leƙo saman ruwa, shi ya sa wani zai yi wata shiru. Ka nemi labarin wata da aka sa wa suna Nicole, wadda ta tashi daga Gansbaai a 2003 ta kai Ostireliya cikin kwana 99, kilomita kusan 11,000, ta kuma dawo kafin wata tara. Ka lissafa mini sau nawa ke nan Kano zuwa Legas, ka aiko da amsar.

Baba, na tura ɗan abin barka da Sallah ta hannun Yaya, a raba wa yara, a ba Kawu nasa na musamman don ya huce. A turo mini hotunan rago da na ɗinkin yara. A gaida Goggo da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A sa ni a addu'a.

Ɗanku,
daga Cape Town