Bashin da ba a rubuta ba shi ke cinye albashi tun kafin ya shigo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana magidanta a kan wani al'amari da muke ɓoye wa juna saboda kunya, alhali da wuya a sami gidan da babu shi, wato bashin cefane da yadda kuɗi ke zurarewa daga hannunmu ba tare da mun san hanyar da suka bi ba.

Babu mai musun cewa rayuwa ta yi tsada. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye a kusan naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a watan Disamba na 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Wannan nauyi yana wuyan hukuma, kuma ba na cewa a daina tuna mata da shi. Sai dai kafin ta waiwaye mu, dole ne a ɗora tukunya kullum, don haka zan tsaya a kan abin da ke hannun maigida da iyalinsa.

Ni malamin makaranta ne, kuma mu takwas ne a gidana. Wata ranar da aka yi albashi na tsaya wurin mai kantin unguwarmu domin in biya abin da aka karɓa a wata. Ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin kanta, wani littafi mai bango da ya sha maiƙo, ya lashi yatsa ya dinga buɗa shafi har ya kai inda sunana yake a sama. Shafi uku na tarar: sukari gwangwani ɗaya, omo ƙulli biyu, taliya, burodi, man gyaɗa na leda, maggi, haka dai jere har ƙasa. Babu abu ɗaya a ciki da za a kira babba, amma da ya haɗa jimla sai ga shi ta kusa rabin albashina. Ban zarge shi da ƙari ba, domin mutumin kirki ne da ya sha rufa mini asiri. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne cewa ba ni da rubutu ko ɗaya da zan gwada da nasa, kuma duk yaron da ya je ya ce "Baba ya ce a bayar" ana ba shi.

Abin mamaki, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka hana mu ƙosawa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da lokacin biyansa. Mun haddace ta, muna jin ta a tarawihi duk shekara, amma idan ɗan'uwa ya ce a rubuta abin da ya ranta mana sai mu ɗauka ya raina mu ko bai yarda da mu ba. Zumunci nawa ya lalace a kan rancen da kowane ɓangare yake tuna adadinsa daban? Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cin sa ba abin kunya ba ne, amma rashin sanin yawansa sakaci ne.

Washegari na sayi littafi mai shafi 40, na zaunar da uwargidana na faɗa mata ainihin abin da nake ɗauka a wata, abin da ban taɓa yi ba tun da muka yi aure. Ina ganin yawancinmu maza mun yi kuskure a nan, domin matar da ba ta san ƙarfin aljihun mijinta ba, ba za ta iya auna tukunyarta daidai da shi ba. Ita ce ta nuna mini abin da ban gani ba: cewa sayen ƙulli-ƙulli ya fi kowane saye tsada, cewa ana dafa abin da ya fi ƙarfin cikin gida a wasu ranaku, kuma cewa kuɗin data da na kati da nake sawa ɗari biyu-biyu sun fi kuɗin sabulun wata. Muka tsayar da doka cewa ba za a karɓi komai a kanti ba sai da takarda daga hannunta, kuma duk abin da aka karɓa a rubuta shi a littafinmu a ranar.

Daga nan muka jera masu bin mu bashi. Wanda bashinsa ke ƙaruwa muka fara sallama, sannan mai ƙaramin ƙarfi da jarinsa ke hannunmu, kamar mai itace da mai awo, domin riƙe kuɗin irin waɗannan mutane karya sana'arsu ne. Sauran kuwa na je da ƙafata na same su, na faɗa wa kowa abin da zan iya bayarwa duk wata. Babu wanda ya wulaƙanta ni. Na gane cewa abin da ke fusata mai bin bashi shi ne ɓuya da ƙin ɗaga waya, ba jinkirin da aka yi masa bayani ba.

Ina gargaɗin matasa musamman a kan manhajojin bayar da rance a waya. Suna bayarwa cikin minti kaɗan, amma ruwan da suke ɗorawa a cikin mako ɗaya ko biyu yana da nauyi, ga haramcin riba, kuma wasunsu idan aka makara sai su aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mutum, har surukansa. Abin ya kai ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fitar musu da ƙa'idoji a 2022. Wanda ya ci irin wannan rance domin ya biya wani, rami ya haƙa don ya cike rami.

Adashi da iyayenmu mata suka riƙe tun da daɗewa ya fi wannan nesa ba kusa ba, muddin an yi shi da amintattu kuma an san abin da za a yi da kwasa. Mu biyar a makarantarmu muka tsara namu yadda kwasa za ta faɗo da kaka, lokacin da masara da gero da wake suke sauka a kasuwannin ƙauye da manyan kasuwanni irin Dawanau. Buhun da aka saya a Nuwamba, aka adana a buhu mai leda biyu a ciki ko a jarka mai murfi don kada ƙwari su ɓata shi, shi ne ke tsare gida daga awon mudu-mudu a tsakiyar damina, lokacin da farashi ya fi ciwo.

Akwai kuma ƙofar da ta fi kowace faɗi, wadda ba ma son a taɓa ta, ita ce ta biki. Anko kala biyu ko uku, gara, lefe na gasa, kayan ɗakin da uba zai shekara yana biya bayan an kai amarya. Na san gidan da aka yi suna na kece raini, bayan mako biyu aka rasa kuɗin maganin mai jego. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro. Saboda haka ba ina kira a matse yara a kan abinci ko magani ko kuɗin makaranta ba. Waɗannan su ne abin da ake tattali dominsu.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba a kan rubuta bashi da gaggauta biyansa, su kuma tuna wa masu hali umarnin aya ta 280 ta Baƙara na jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta riƙa buga farashin hatsi na manyan kasuwanninmu kowane mako, domin magidanci ya san lokacin da ya kamata ya saya da inda zai nufa.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, daga Zariya.