Kafin mu yarda da "bincike ya tabbatar" a harkar gashin ƙashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake yawan cewa bincike ya tabbatar wata na'ura ko wani salon gashi yana tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

Gwajin ƙwayar magani yana da sauƙi: a yi ta bogi mai launi ɗaya da ta gaske, maras lafiya bai san wadda ya haɗiya ba. Wanda aka ɗora a injin tafiya kuwa ya san an ɗora shi, likitan da ke riƙe da ƙugunsa ma ya sani. Mutum ɗaya ake iya rufe wa ido, wato a ɓoye masa wanda aka yi wa sabon salon da wanda ba a yi wa ba, shi ne mai awo. A gwajin tafiyar mita goma, shi ke riƙe da agogo. Idan ya san wannan dattijon yana rukunin sabon salon, "Yauwa Baba, ƙara sauri!" za ta fi fitowa da ƙarfi, yatsa kuma ya riga danna agogon. Ba ha'inci ba ne, zuciya ce ta karkata, amma daƙiƙa ɗaya ko biyu sun isa su canza sakamako idan marasa lafiya ashirin ne kawai.

Sai rabon marasa lafiya rukuni biyu, na sabon salon da na kulawar da aka saba. Dole a yi shi da ƙuri'a, a rufe a ambulan mai kauri mai lamba a jere, ba wadda za a ɗaga wa fitila a karanta ba. Idan mai ɗaukar marasa lafiya ya san rukunin da ke tafe, zai tura mai sauran ƙarfi sabon salon, ko bai yi niyya ba. A 1995, Kenneth Schulz da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje 250, suka ga waɗanda ba a ɓoye rabon da kyau ba sun kumbura amfanin magani da kashi 41 cikin ɗari.

Akwai kuma masu daina zuwa. A asibitocinmu, wanda ba ya ganin sauƙi shi ke fara ajiye zirga-zirga saboda kuɗin mota, a ƙarshe a auna waɗanda suka ji daɗi kaɗai. Ga shi mai shanyewar jiki yakan ɗan farfaɗo da kansa a watanni uku na farko, ko an yi gashi ko ba a yi ba.

Gwajin AVERT, wanda aka yi kan masu shanyewar ɓarin jiki, ya isa misalin yadda ƙaramin gwaji ke iya yaudara. Ƙaramin gwaji na mutum 71 a 2008 ya ba da fata cewa tayar da maras lafiya daga gado cikin awa 24 zai taimaka. Da aka faɗaɗa shi zuwa mutum 2,104 a sassan jinya 56 na ƙasashe biyar, sakamakon 2015 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka tayar da wuri ne suka warware da kyau bayan wata uku, alhali masu kulawar da aka saba sun kai kashi 50.

Ina roƙon wakilanka, kafin su buga irin wannan labari, su duba makin binciken a ma'aunin PEDro na ƙasar Ostireliya, mai auna ingancin gwaje-gwajen gashi, kyauta ne a intanet. Maki goma ne, ɗaya daga ciki yana neman a sake auna fiye da kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka fara da su. Gwajin motsa jiki da wuya ya wuce maki takwas, tunda maki biyu na rufe wa maras lafiya da likitansa ido ne.

Wani ma'aikacin sashen gashi,
Kano.